Babi na Huɗu: Sanɗa da Dako

Tsofaffin maharban ƙasar Hausa sun daɗe da lura cewa namun dawa ba sa gudun burtu. Barewa na kiwo, burtu na tsince-tsincensa a gefe, babu mai tsoron wani. Saboda haka maharbi sai ya nemi kan burtu da dogon bakin nan nasa, ko ya sassaƙa irinsa da itace ya naɗe da fata, ya ɗaura a goshi, ya yafa baƙin zane, ya shiga ciyawa da rarrafe yana sunkuyar da kai yana ɗagowa. Dabba ta ɗago ta dube shi, ta mayar da kai ƙasa. A haka yake matsowa har inda kibiya za ta kai. Har yau ana ganin irin waɗannan kawunan burtu a gidajen adana kayan tarihi, a nan gida da ƙasashen waje.

A Ingila kuwa, wajen shekarar 1900, wasu 'yan'uwa biyu, Richard da Cherry Kearton, sun yi tasu dabarar da ba ta da nisa da wannan. Su ba nama suke nema ba, hoton tsuntsu suke so. Sai suka sa aka ɗora fatar sa a kan katako yadda zai tsaya da ƙafafunsa, aka huda ƙirjin don kyamara ta leƙo. Ɗaya ya shiga cikin san ya takure, ɗan'uwansa ya bar shi a makiyaya ya yi tafiyarsa. Tsuntsaye sun saba da shanu, don haka suka ci gaba da harkokinsu a gaban kyamara. An ce wata rana jiri ya ɗebi na ciki, sa ya kife, ɗan'uwan ya dawo ya tarar da ƙafafu shida suna kallon sama. Su ne suka fitar da littafin British Birds' Nests a 1895, wanda aka ƙawata da hotunan kyamara zalla a zamanin da zanen hannu aka sani a irin waɗannan littattafai.

Abin da ya sa maharbi rarrafe shi ya cusa Bature cikin fatar sa, wato tazara. Kowane tsuntsu yana da iyakar kusancin da zai yarda da shi. Ka tsaya bayan wannan iyaka, bai damu da kai ba. Ka ƙetare ta da taku ɗaya, ya tashi. Kurciyar cikin gari takan bar ka ka zo kusa ƙwarai, zalɓe a bakin tafki kuwa tun daga nesa yake miƙe wuya yana auna ka, makwarwa ma ba ka ganinta sai ta riga ta fashe daga ƙarƙashin ƙafarka. Aikin mai ɗaukar hoton tsuntsu, daga farko har ƙarshe, shi ne yadda zai rage wannan tazara ba tare da tsuntsun ya fasa abin da yake yi ba. Kyamara tana rage wani ɓangare. Sauran yana wuyanka, kuma hanya biyu ce: ko ka je wurin tsuntsu, ko ka zauna ya zo wurinka. Sabon shiga kullum ta farko yake bi, domin ita ce take kama da aiki. Ni kuwa ra'ayina shi ne dako ya fi sanɗa riba nesa ba kusa ba.

Maganar kayan aiki ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Wayar hannu ita kaɗai ba ta isa, domin zuƙowar da yawancin wayoyi ke yi faɗaɗa hoto ce kawai, tsuntsun ya fito dishi-dishi. Amma idan kana da madubin hangen nesa, kana iya kara idon wayar a bakinsa ka ɗauka, kuma ga tsuntsun da ke zaune wuri ɗaya hoton yakan isa a gane ko wane ne. Masu hali sukan sayi babbar kyamara da lensi mai tsawon milimita 400 zuwa 600. Tsakanin waɗannan biyu akwai kyamarori masu lensi a manne da ke zuƙowa da nisa, irin su Nikon Coolpix P900 da aka fitar a 2015, wadda ke zuƙowa ninki 83. Ba ta son ƙarancin haske, kuma tana da nawa wajen bin tsuntsu mai tashi, amma ga mai farawa a ƙasa mai rana irin tamu ta wadatar, musamman idan ya dace da gwanjo mai lafiya. Kowacce ka samu, ka san maɓallanta har yatsunka su riƙa samunsu ba tare da ka duba ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wurin koyo kuwa tsakar gidanku ne. Ka sami kasko marar zurfi, ka zuba ruwan da bai wuce gaɓar yatsa ba, ka sa ɗan dutse a tsakiya, ka ajiye shi a inuwa kusa da wata bishiya ko shinge inda tsuntsu zai iya fakewa idan shirwa ta gifta. A bazara, lokacin da kududdufai suka ƙafe, babu abin da ke jawo tsuntsu kamar ruwa, ko tsaba ba ta kai shi ba. Kada ka sauya wa kaskon wuri, kuma kada ka bari ya bushe ko da yini ɗaya. Sannu a hankali za su sa gidanku cikin zagayensu na kullum. Kurciya ce kan fara zuwa, sai hasbiya da jan idonta, sai baiwar Allah, ɗan jan tsuntsun nan da ke shiga har cikin ɗakin girki. Idan akwai zogale ko wata bishiya mai fure a gidan, sha-kauci zai zo da lanƙwasasshen bakinsa.

Ga dabarar da ke raba hoton gwani da na ɗan koyo. Tsuntsu ba ya faɗowa kan ruwa kai tsaye. Yakan sauka tukuna a wani wuri mai ɗan tsayi, ya duba hagu da dama, sannan ya diro. To, kai za ka ba shi wannan wuri. Ka kafa busasshen reshe mai kyan siffa kusa da kaskon, ka duba abin da ke bayansa daga inda za ka zauna. Idan bayan reshen akwai bokitin roba da igiyar shanya, su ma za su fito a hoton. Ka matsar da shi har bayansa ya zama ganye mai nisa ko jar katanga, domin gwargwadon nisan abin da ke baya, gwargwadon yadda zai narke ya bar tsuntsun ya fito shi kaɗai. Daga nan ka saita kyamara a kan reshen, ka zauna a bakin ƙofar ɗaki ta ciki, inda duhu ya rufe ka, ko bayan asabari. Ba ka bukatar fatar sa. Waɗanda suka biyo bayan su Kearton sun gane cewa tsuntsu bai damu da kamannin maɓoya ba, muddin ta saba masa kuma ba ta motsi.

Wanda ya zauna irin wannan zama zai fara ganin abin da shekara da shekaru yake wucewa a gabansa bai lura ba. Namijin baiwar Allah ne ja, macen ruwan ƙasa ce, da ɗan ja a gaban ido da gindin wutsiya. Wajen ƙarshen damina zuwa kaka za ka ga wani ɗan baƙin tsuntsu mai farin baki yana bin su. Wannan ba ya yin sheƙa. Macensa takan faki ido ta saka ƙwanta a sheƙar baiwar Allah, ita kuwa ta ƙyanƙyashe ta rena shi tare da nata 'ya'yan. Idan ya girma, namijin yakan sa kukan baiwar Allah cikin nasa kukan. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, shi wannan kukan gidan da aka goye shi yake yi. Kada ka raina wannan ɗan labari. A duwatsun Filato akwai wani ɗan'uwan baiwar Allah mai zama cikin duwatsu, wanda masana ba su tantance shi a matsayin jinsi mai zaman kansa ba sai a 1998, lokacin da Robert Payne ya bayyana shi. Shi ma yana da nasa baƙin ɗan riƙon mai kwaikwayon kukansa, kuma masu kyamara daga ƙasashe daban-daban suna zuwa dajin Amurum kusa da Jos don su ga su biyun.

Haske shi ne abu na biyu bayan tazara, kuma namu hasken yana da halinsa. Daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma daga la'asar sakaliya zuwa faɗuwar rana, nan ne lokacin hoto. Da tsakar rana hasken daga sama yake dukan tsuntsu, ya ƙona bayansa ya bar idonsa da cikinsa a duhu, su kansu tsuntsayen ma sun shige inuwa sun buɗe baki suna haki. Ga kuma kawalwalniya: idan ƙasa ta ɗauki zafi, iskar da ke samanta tana rawa, duk abin da ka zuƙo daga nesa sai ya fito a karkace, ko da kyamarar ta miliyoyi ce. Mutane da yawa sun zargi lensinsu a kan laifin da ba nasa ba. Ka sa rana a bayanka, inuwarka tana nuna tsuntsun.

Hazon hunturu kuwa fuska biyu gare shi. Idan ya yi kauri, yana shafe launi, duk abin da ke nesa ya koma toka-toka. Amma idan siriri ne, yana tausasa rana, ya ƙara maka lokacin ɗauka har bayan hantsi, kuma ga tsuntsun da ke kusa babu hasken da ya kai shi daɗi. Ƙurar dai ita ce abokiyar gaba. Kada ka cire lensi a fili lokacin hunturu, kuma kada ka goge gilashin da bakin riga, domin ƙurar yashi ce, karce shi za ta yi. Ka hure ta tukuna, sannan ka shafa da ƙyalle mai laushi.

Saitin kyamara abu uku ne za ka riƙe. Na farko saurin ƙiftawarta. Tsuntsu ko a zaune yake ba ya daina motsa kai, don haka kada ka yi ƙasa da 1/500 na daƙiƙa idan haske ya ba da hali, mai tashi kuwa yana son 1/2000 ko fiye. Idan haske ya gaza, ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, ba tare da fargaba ba. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa yana gyaruwa, wanda ya girgiza kuwa ya tafi ke nan. Na biyu, ka sa kyamara ta kama ido. Idan ido ya fito tar, da ɗan ɗigon haske a cikinsa, mai kallo zai yafe wa wutsiyar da ta dushe. Na uku shi ne wanda ke kayar da kowa: kyamara tana ƙoƙarin mayar da komai matsakaici. Ka nuna ta ga balbela a kan ciyawa mai duhu, sai ta ƙara haske har farin gashin ya ƙone, ba ka ganin ko layi ɗaya a jikinsa. Nan sai ka rage haske da mataki ɗaya. Ka ɗaga ta sama ga shirwa a farin sararin samaniya, sai ta rage har shirwar ta koma baƙar inuwa. Nan kuma ƙarawa za ka yi, mataki ɗaya ko biyu.

Idan ka fita bayan gari, dole wani lokaci ka yi sanɗa, kuma tana da ƙa'ida. Kada ka nufi tsuntsu kai tsaye, kada ka zuba masa ido. A dawa, duk abin da ya kafe ka da ido biyu yana matsowa, cin ka zai yi, tsuntsu kuwa ya san haka tun yana cikin sheƙa. Ka bi ta gefe, ka riƙa tsayawa, ka yi kamar wani abu daban ne ya kawo ka. Ka lura manomi na noma tsuntsaye na bin bayan garmarsa, Bafulatani na tafe balbela na tsakanin ƙafafun shanunsa, amma kai da ka tsaya cak ka ɗaga wani baƙin abu zuwa fuskarka, kowa ya watse. Idan tsuntsun ya daina ci ya miƙe wuya, ka kai iyaka, sai ka tsaya har ya koma cinsa. Kuma ka rage tsawo. Tsugune ko kwanciya rub da ciki yana rage masa tsoro, sannan hoton da aka ɗauka daidai tsayin idon tsuntsu ya fi wanda aka ɗauko daga sama armashi. Farar shadda ba ta wannan aiki ba ce.

Sanin hali yana mayar da sanɗa ta koma dako. Tsanwaka, mai shuɗin nan da dogayen gashin wutsiya biyu, tana da wuraren zamanta: kan waya, kan turken shinge, kan busasshiyar ƙaya. Takan diro ta suri fara ta koma inda ta taso ko kusa da shi. Idan ka kore ta, kada ka bi ta. Ka zauna ka saita kyamara a kan turken. Manyan tsuntsaye suna fuskantar iska idan za su tashi ko za su sauka, saboda haka idan iska da rana duk suna bayanka, ta gabanka za su taso. Da yawansu kuma sukan yi kashi dab da tashi, wannan alama ce ka ɗora yatsa a kan maɓalli. Inda aka sa wa daji wuta a rani, shirwa da tsanwaka sukan taru a bakin hayaƙi suna cafke ƙwarin da ke gudu. Ban ce ka sa wutar ba.

Akwai tsuntsun da ya sauƙaƙa mana aiki da kansa, ita ce shamuwa. Takan iso ƙasar Hausa gab da faɗuwar damina, wajen Afrilu zuwa Mayu, ta yi sheƙa a kan kuka ko rimi ko tsamiya a tsakiyar ƙauye, ta yi 'ya'ya, sannan idan ruwa ya ɗauke ta nufi gabashi da kudancin Afirka. Da yake mutane suna murna da zuwanta kuma ba sa taɓa ta, ba ta da tsoron mutum, kana iya zama a gindin bishiya ka ɗauke ta tana kawo kirare, ka samu har shuɗin fatar fuskarta da ɗan jan da ke gaban idonta. Sai dai a nan wata matsalar ce ke jiranka, kuma ba ka samunta a littattafan Turawa. Bishiyar shamuwa sau da yawa a cikin gidan wani take, ko tana leƙa tsakar gidansa. Baƙo ya tsaya a waje ya ɗaga dogon lensi ya nufi saman katangar gidan da iyalin mutum suke, wa zai yarda tsuntsu yake ɗauka?

Saboda haka kafin ka buɗe jaka, ka nemi mai unguwa ko dagaci, ko bulama idan a Yobe kake. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Ranka ya daɗe, hoton tsuntsaye nake ɗauka, na ga shamuwa a kan kukar can, ina neman izini." Kusan kullum tambayar da za ta biyo baya ita ce, "To, me za ka yi da shi?" Amsa mafi sauƙi ita ce ka juya kyamara ka nuna masa abin da ka ɗauka a baya. Dattijon da ya shekara saba'in yana ganin tsanwaka daga nesa, ranar da ya ga gashin fukafukinta ɗaya bayan ɗaya a fuskar kyamara, shi da kansa zai sa yaro ya raka ka, wataƙila ma ya gaya maka sunayen tsuntsayen da ba ka sani ba. A wannan zamani na rashin tsaro kuwa izinin ya wuce ladabi, kariya ce. Dogon lensi daga nesa yana iya kama da makami. Kada ka ɗaga shi kusa da bariki, ko shingen jami'an tsaro, ko gada, ko madatsar ruwa, kome kyan tsuntsun da ya sauka a wurin. Kuma ka tambayi mutanen yanki halin da hanya take ciki kafin ka shiga kowane daji.

Wanda hannunsa ya faɗa a gida da bayan gari, to ya nufi fadamar Haɗeja da Nguru. Nan ne kogin Haɗeja da na Jama'are suke bazuwa cikin tuddan yashi a Jigawa da Yobe, kafin ruwan ya tattaru ya zama Komadugu Yobe ya nufi Tafkin Chadi. An ƙidaya jinsin tsuntsaye sama da 350 a wannan yanki, cikin sama da 900 da Najeriya ke da su. Tafkin Nguru da mashigin Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000, Baturiya da Dagona suka biyo baya a 2008. Lokacin zuwa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da baƙi daga Turai da Rasha suka ƙetaro Sahara suka sauka: ƙananan agwagin ruwa, da masu dogayen ƙafafu da ke bin bakin taɓo da gonakin shinkafa dubbai-dubbai. Su tarar da 'yan gida, kirinjijiya da fitonta, ɗinya, dani, jinjimi, zalɓe iri-iri, da zakaran ƙeƙuwa wanda shi ne ɗan tonon asiri, da ya hango ka zai ɗaga murya ya sanar da duk fadamar.

A kan ruwa, kwalekwale ya fi ƙafa, domin tsuntsayen sun saba da masunta. Ka zauna a ƙasan jirgin, ka roƙi mai tuƙi ya daina sa gora idan kun kusa, ya bar jirgin ya silala da kansa. Matokarin kyamara mai ƙafa uku ba shi da amfani a nan, ƙara saurin ƙiftawa za ka yi, ka dafe gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa. Za ka ga kuma abin da ya sami fadamar. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika ta kowace shekara ta sauya, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, ta zama makwancin jan baki. Garken jan baki idan ya taso da yamma yana murɗawa a sama kamar hayaƙin gobara, kuma babu mai kyamarar da zai gan shi bai ɗaga hannu ba. Amma ka iya bakinka. Mutumin da ke tsaye kusa da kai wataƙila shinkafarsa ce suka kwana suna ci, shi da 'ya'yansa sun wuni suna kaɗa gwangwani. Ba wurin cewa "kai, abin sha'awa" ba ne.

Sheƙa ita ce jarabawar mai wannan sha'awa, domin nan ne kaɗai tsuntsu dole ya dawo kome tsoronsa. Shawarata ita ce ka bar ta, in ban da irin ta shamuwa da ke can sama a bainar jama'a. Uwar da ka tsorata ta bar ƙwai a ranar bazara, kafin ta dawo sun dahu. Reshen da ka karya don kyamara ta gani, shi ne ke ɓoye 'ya'yan daga hankaka. Yaran da suka biyo ka suna kallo kuwa, da ka juya baya za su dawo da danƙo. Wani lokaci ma kai ne za ka ji jiki: Eric Hosking, wanda ya yi suna a Ingila a wannan fanni, mujiya ce ta cire masa idon hagu a 1937 lokacin da yake aiki kusa da sheƙarta. Haka nan kunna kukan tsuntsu a waya don a jawo shi. Yana aiki, shi ya sa yake da haɗari, domin namijin yakan bar ci da gadin iyali ya zo neman kishiyan da babu shi. Kanarin keji kuma kanarin keji ne, ko da ka kauce wa wayoyin kejin a hoto. Idan ka nuna shi, ka faɗi gaskiyar inda ka ɗauka.

Saura abu ɗaya, wanda a ganina ya fi kyan hoto muhimmanci. Gauraka ita ake kira tsuntsun ƙasa a Najeriya, amma yau samunta a dajin ƙasar nan ya zama abu mai wuyar gaske, ta fi yawa a gidajen masu hali da aka yanke mata fiffike. Ungulu, wadda duk wanda ya girma kafin shekarun 1990 ya san ta cike da kwata da bayan kasuwa, tun 2015 tana cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma cinikin sassan jikinta don magani da tsibbu yana cikin manyan dalilai. Kowa yana cewa da akwai su da yawa, amma ka nemi hoto mai kwanan wata da sunan gari da zai nuna yawan nasu, sai ka sha wuya. Ba a ɗauka ba, domin a lokacin babu wanda ya ga abin ɗauka a jikin ungulu. Kurciya da tsanwaka da shamuwar da muke gani yau a ko'ina, babu wanda ya ba mu tabbacin haka za su kasance nan da shekara talatin.

Akwai inda ake tara irin wannan shaida. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Laminga, ƙarƙashin Jami'ar Jos, ta fara aikin taswirar tsuntsayen Najeriya a 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye da kwance, masu sa kai suna shiga su yi aƙalla awa biyu suna rubuta duk tsuntsun da suka gani ta manhajar BirdLasser. Akwai kuma eBird, wadda ke karɓar jeri da hotuna daga ko'ina a duniya. Idan ka ɗauki tsuntsu da zobe a ƙafa, ka zuƙo lambar, domin tana iya nuna ƙasar da aka sa masa shi. Togiya ɗaya ce: sheƙar ungulu, da makwancin mujiya, da duk inda ka dace da gauraka, kada ka bayyana takamaiman wurin a Facebook ko WhatsApp. Masu kyamara ba su kaɗai ke duba hotuna ba. Ka ba masana wurin, ka ba jama'a hoton.

Saboda haka, mai karatu, kafin ka wuce babi na gaba ka duba kwanan wata da agogon kyamararka ka gyara su. Duk hoton da ka ajiye, ka rubuta garin da ka ɗauke shi da sunan da mutanen wurin suke kiran tsuntsun. Wanda bai yi kyau ba ma kada ka goge shi, muddin ana iya gane tsuntsun da ke ciki.